Sunan Inna a Littafin Sista

Tun da na dawo daga Ikko ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama zama a tabarma sai ta ce, "To Rakiya, yaya Ikkon?" Na ba Ladi labari, na ba Hajara, na ba matar mai unguwa har sau biyu, don a na farkon gyangyaɗi take yi. Shekaranjiya kuma na ji labarin nawa ya dawo mini daga bakin mai kitso, wai na yi dambe da Baturiya a cikin coci na ƙwato yarinya. Ni da ko kaza ba na iya riƙewa a yanka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, mai iya karatu ta karanta wa marar iyawa, ni kuma in samu in koma kan girkina.

Ga abin da ya kai ni. Yayana Garba ya daɗe a Agege yana sana'ar goro. A can ya auri Sabuwa, wadda a can aka haife ta, a can aka haifi ubanta. Da suka sami 'ya mace aka sa mata sunan Innarmu. To kun san gidanmu, sunan nan ba ya fita daga bakin kowa. Ni ma ba zan rubuta muku shi a nan ba. Wadda take son sani, sunan matar Annabi Adamu ne, alaihis salamu. Yarinyar kuwa Mama muke ce mata tun tana cikin zanen goyo, kuma bana shekararta bakwai.

Ran nan sai ga Hajiya Tabawa, tsohuwar nan mai kai-komo da goro tsakanin Zariya da Agege, wadda ba ta taɓa dawowa da kwandon goro ɗaya ba sai da kwandon labari biyu. Ta zauna gaban Inna, ta yi ajiyar zuciya sau uku don a tambaye ta, sannan ta ce Garba ya sa Mama a makarantar 'yan Katolika, ta su Fada da Sista. Wannan ma da sauƙi, in ji ta. An sauya wa yarinyar suna, yanzu Ibi ake ce mata. Ta rame, ta daina magana, ko wasa ba ta yi.

"Ibi?" in ji Inna. "Ibi ai gari ne, can bakin Binuwai. Duk duniya an rasa abin da za a musanya sunana da shi sai sunan gari?"

Washegari da sassafe ta aiko a kira ni. "Rakiya," ta ce, "ubanki ya sha zagi a garin nan don ya bar ki kin yi boko har sakandare. Yau ranar amfaninsa ta zo. Ki je ki ɗauko mini takwarata ta zauna a gabana. Kada ki dawo ba ita."

Malam, maigidana, ya ce in dai tare da Hajiya Tabawa ne ya yarda. Da ya san yadda tafiya da Hajiya take, da ya tausaya mini ya bar ni na tafi ni kaɗai.

An ce jirgi zai iso da hantsi. Ya iso bayan la'asar, kuma duk tashar ba wanda ya yi mamaki sai ni. Muka shiga tarago mai bencin katako. Hajiya ta baje kayanta a kan wurin mutum uku, duk wanda ya zo neman wurin zama sai ta ce masu wurin sun je alwala. Masu alwalar nan har muka isa Ikko ba su idar ba.

Ni kuwa na ɗauko tsohon littafina na Turanci ina harhaɗa jawabin da zan yi wa Sista. Jawabi ne mai kyau, na rantse. Akwai haƙƙin iyaye a ciki, akwai mutuncin addini, akwai wata doguwar kalma da ban taɓa samun wurin sa ta ba tun da na bar makaranta. Ina cikin bita wata Banufiya ta miƙo mini jaririnta in riƙe mata ta gyara goyo. Yaron ya dube ni, ya yi murmushi, ya amayar da duk abin da ya sha tun daga Kaduna a kan mayafina na fita unguwa, wanda na ware musamman don ganin Sista. Uwar ta ce ai alamar yana so na ne. Na ce na gode da soyayya.

Salla a jirgi ma wani darasi ce. Na tambayi wani dattijo alƙibla, ya nuna mini taga. Kafin in yi kabbara jirgi ya sha kwana, tagar ta koma kallon yamma. Na yi ta a haka, na roƙi Allah Ya karɓa, Shi ne Ya ga layin dogon.

Iyakarmu da ƙasar Yarabawa ita ce gadar Jebba. Ba wanda ya tambaye mu takarda, amma duk taragon ya yi tsit da jirgi ya hau kan Kwara, har da sojan da ya hana mu barci da rediyonsa. Muna tsallakewa Hajiya ta ce, "To, daga nan sannu ta ƙare, sai eku. In kina zaune eku, in kina tsaye eku, in kin faɗi ma eku ne." Na ce ai mu ma haka muke, sannu da zama, sannu da aiki. Ta ce ai namu yana da ma'ana.

A wata tasha bayan Ilori abin kunya ya same ni. Ina gyangyaɗi sai wata yarinya ta leƙo ta taga daidai kunnena tana ihu, "Dodo! Dodo!" Na zabura, na rungume jakata, na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ashe talla take yi. Soyayyar ayaba ce suke kira dodo. Taragon nan ya yi mini dariya har Badun, Hajiya ce kan gaba, tana yi tana share hawaye tana gaya wa waɗanda suka shigo daga baya cewa wannan da kuke gani har sakandare ta yi. Na saya don in rufe kunya, kuma gaskiya dodon nan da daɗi. Baƙin tuwonsu ne dai na kasa. Loma ɗaya na kai, barkonon ya tuna mini da duk zunuban da na manta ban tuba ba.

Bayan kwana biyu muka sauka a tashar Agege, ƙafafuna sun kumbura kamar rogo. Abin mamaki, Hausa ce ta fara tarbar mu, ga masu goro, ga mahauta, ga mai shayi, sai ka ce wani ya ɗauko Tudun Wada ya ajiye cikin laka. Titi ne dai ba irin namu ba. Bana aka ce motoci su koma hannun dama, to da alama rabin direbobin Ikko ne suka ji sanarwar. Muka shiga wata ƙaramar bas da suke kira danfo, inda na zauna rabi a kan kujera rabi a kan cinyar wata baiwar Allah da ban sani ba, ita kuma ba ta ko dube ni ba.

Gidan Yaya gidan haya ne, dogon lungu, ɗakuna suna kallon juna. Ba zaure, ba tsakar gida, makewayi ɗaya ga kowa, da safe a yi layi da bokiti kamar masu jiran allura. In ka soya albasa gida goma sun san ka soya. Sabuwa ta fito da gudu ta zube gwiwa biyu a ƙasa irin na matan Yarabawa. "Anti, e kabo o! Sannu da hanya, kin gaji abi?" Hausarta kamar fate take, komai akwai a ciki, da Yarbanci da Turancin kasuwa. Amma yarinyar kirki ce, ba ta bar ni na ɗauki ko buta ba.

Sai ga Mama ta leƙo daga bayan labule. Na ce, "Mama." Ta duba hagu, ta duba dama, kamar mai tsoron kada wani ya ji, sannan ta zo ta durƙusa. Da na rungume ta ƙasusuwan bayanta na ji a tafin hannuna. A nan na san wannan karon Hajiya ba ta ƙara gishiri ba.

Sabuwa ta ce kullum da safe ciwon ciki, ran Asabar ya warke, ran Litinin ya dawo. Abincin da take zuba mata a 'yar kwano haka yake dawowa ba a taɓa ba. Amma da yamma a makarantar allo, in ji ta, muryar Mama ce ke fin ta kowa.

Da Yaya ya dawo daga kasuwa muka gaisa, na ba shi saƙon Inna yadda ta faɗa, ban rage ba.

"Ni ma abin yana ba ni mamaki," in ji shi. "Ni da kaina na kai ta, na ba su suna daidai."

"Ka koma ka tambaya?"

"Kasuwa, Rakiya. Kin san goro ba ya jira."

"To me ya sa sai makarantar Fada?"

"Ita ce a bayan gida, ba sai ta tsallaka titi ba. Kin dai ga titin. Kuma 'ya'yan Musulmin Yarabawa sun cika ta, jikar limaminmu ma tana can."

Ran Litinin da safe ina shafa wa Mama mai, sai ta ce a hankali, "Gwaggo, ni ban ci ba." Na ce ai yanzu za a kawo koko. Ta girgiza kai. "'Ya'yan itacen. Ban ci ba. Ko macijin ma ban gani ba." Na taɓa goshinta in ji ko zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi. Na sa mayafina na biyu, na kama hannunta, muka tafi.

Makarantar tsaf take, ba zan ɓoye ba. A tsakiyar fili akwai mutum-mutumin da suke cewa na Nana Maryam ne. Na kau da ido, na ce a zuciyata Allah Ya ƙara mata yarda. Aka buga ƙararrawa, yara suka yi layi cikin shuɗin kaya, suka yi waƙa, suka yi addu'arsu. Na lura da kyau, don na san Inna za ta tambaya: 'ya'yan Musulmi suna tsaye sun naɗe hannu, ba sa yin alamar da sauran ke yi a goshi da ƙirji, kuma ba wanda ya ce musu kanzil. Na kuma lura da wani abu. Layin ajinsu a matse yake, kowa na ture kowa, amma gaban Mama da bayanta akwai filin da mutum zai shimfiɗa tabarma.

Aka kai ni ofishin Sista babba. Tsohuwar Baturiya ce 'yar ƙasar Ailan, fuskarta ja kamar tumatir, a lulluɓe daga kai har ƙafa, ko gashi ɗaya ba a gani. Ni da na zo yi mata wa'azi, sai ga shi ta fi ni rufe jiki. Ta ba ni kujera, ta zuba mini shayi, ta aika a kira malamar ajin su Mama, wata Bayarbiya mai jiki da ake kira Misis Ajayi.

Na gyara murya na fara jawabina. Jimla biyu na yi, ko doguwar kalmar ban kai ba, Sista ta ɗaga hannu ta ce, "Mun gode wa Allah da wani ya zo. Takarda uku na aika gidan yarinyar nan." Daga baya na same su duka uku a ƙarƙashin katifar Yaya, a ninke, wai yana jiran amintaccen mai karantawa.

Misis Ajayi ce ta ba ni labari. Ranar farko ta tambayi yarinya sunanta, ta ce Mama. Aji ya kwashe da dariya, don a wurinsu Mama tsohuwa ce mai rumfa a kasuwa. Suka dinga bin ta, Mama ina jaririnki, Mama zuba mana shinkafa. Don ta raba ta da tsokana sai malamar ta koma kiran ta da sunan da ke cikin littafin rajista. Yarinya ba ta amsa ba. Aka ɗauka kurma ce, har aka kai ta wurin nas ta leƙa kunnuwanta. Ana nan sai aka zo darasin addini, aka rataye hoton Annabi Adamu da matarsa da itace da maciji, aka faɗi sunan matar. Wani ɗan banza ya juyo ya nuna Mama da yatsa. Tun ranar ita ce ta ci 'ya'yan itace, ita ta sa aka kori kowa daga Aljanna. Malamar ta yi bulala, ta sa an durƙusa, amma yara suka koma yi da raɗa. In an fita tara Mama takan zauna a jikin katanga ta rungume kwanonta har a koma.

Sai a lokacin na gane maganar da ta yi mini da safe, kuma raina ya ɓaci da gaske. Na ce, "To wa ya ba ku ikon sauya mata suna?"

Sista ta buɗe littafin ta juyo mini shi. Haruffa uku: Eve. Na yi ta kallon su. Ibi ke nan a bakin Bahaushe, sunan matar Annabi Adamu da Turanci. Kwana biyu ina cikin jirgi da littafin Turanci a cinya, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

"Ubanta ne ya ba mu," in ji Sista. "Sau uku na tambaye shi sunan yarinya, yana ta kallon rufi. Can ya ce, da irin Turancinsa, matar Adamu. Na ce Eve? Ya washe baki, ya gyaɗa kai, har ya yi mini godiya." Ta ɗauki alƙalami. "To ba komai, gyara ba wuya. Ke faɗa mini sunan."

Na buɗe baki. 'Yan'uwa, shekara biyar na yi a sakandare, na tsaya gaban Turawa na yi muhawara har aka tafa mini. Na buɗe baki na rufe. Na sake buɗewa. Sai na ji muryata tana cewa, da Turanci mai kyau ƙwarai, "Sunan matar Annabi Adamu ne."

Sista ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Ashe ciwon na gida ne," in ji ta. Misis Ajayi kuwa sai da ta riƙe ƙofa don dariya.

Na yi musu bayani. Na ce sunan mahaifiyarmu ne. A wurinmu ɗa ba ya faɗin sunan uwarsa, shi ya sa in an sa wa yarinya sunan kakarta sai a ce mata Mama ko Inna ko Uwa, kuma wannan girmamawa ce babba.

Nan take dariyar Misis Ajayi ta tsaya. Ta dafe ƙirji da hannu biyu. "Iyabo! Ashe Iyabo ce! Wayyo, pele o, sannu. Allah Ya jiƙanta. Yaushe ta rasu?"

"Wa?"

"Uwar taku."

"Tana Zariya da ranta. Ita ta aiko ni, kuma duk ta fi mu lafiya."

Ashe su in kaka ta rasu aka haifi mace a gidan, sai su sa mata Iyabo ko Yetunde, wato uwa ta dawo. Namiji kuma Babatunde. Na yi istigfari a zuciyata, don wanda ya tafi ba ya dawowa sai ranar tashi, amma na ga ba ranar wannan muhawarar ba ce.

"Ku ba kwa jira ta mutu?" in ji ta.

"Ba ma jira."

"Kai, ku Gambari da gaggawa kuke." Haka suke kiran Hausawa, kuma a gabanka suke faɗa.

Na karɓi alƙalamin Sista. Na ja layi a kan haruffan nan uku, na rubuta sunan Inna a samansu, ina gaya wa kaina rubutu ba faɗa ba ne. Sista ta karanta shi da ƙarfi, ta karya masa wuya da ƙafa, ni kuwa na dubi siminti. Muka shirya a kan suna ya zauna a littafi, amma da safe Mama za a kira. Kafin in fita na ce mata, mu a wurinmu Annabi Adamu da matarsa su biyun suka ci, su biyun suka tuba, su biyun aka yafe wa. Ta ce ita ma ta daɗe tana ganin an bar wa matar kaya ita kaɗai, kuma za ta shiga ajin da kanta a kan wannan.

Saura dariyar yara. Na ce in an koma Mama ai an koma gidan jiya. Misis Ajayi ta ce, "Ki bar mini wannan. Zo mu je."

Ta tsayar da ni a gaban aji kamar allo. Ta ce Iyabo ta tashi. Wata doguwar yarinya mai wushirya ta miƙe. Ta ce duk Yetunde su tashi, biyu suka miƙe. Babatunde, ɗaya, kuma shi ne ɗan banzan nan mai yatsa. Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya me sunansu yake nufi, suka faɗa. Ta ce wa ya taɓa ce muku ina jaririnku, ko ina gemunka? Ta ce to wannan ma irinku ce, sunan kakarta take ɗauke da shi. Bambancin kawai, tata kakar tana nan da rai, kuma ta aiko wakiliya tun daga Arewa, kwana biyu a jirgi, ta zo ta ga masu wasa da sunanta. Ta nuna ni. Idanu suka yo kaina caa. Na haɗe rai kamar alƙali, ni da 'ya'yana ma ba sa tsorona.

Duk da haka wani a baya ya ce "Mama" da muryar tsohuwa ya ƙyalƙyale. Iyabo ta juya ta sakar masa rula a ka. Daidai lokacin Misis Ajayi tana kallon wani abu mai muhimmanci ta taga.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya gyaru ba. Ran Talata aka kira Mama, ba ta amsa ba. Ran Laraba ma haka, kwano ya dawo cike. Ranar na ninke kayanta na sa a jakata, Sabuwa tana kallo tana share ido da bakin zane, ba ta hana ni ba, don ta san umarnin wa nake ɗauke da shi.

Ran Alhamis na raka ta, na laɓe a jikin tagar ajin. Ana ta kiran suna, yara suna amsawa. Aka zo kanta. "Mama Garba." Shiru. Na ga Iyabo, wadda ban san lokacin da ta dawo benci ɗaya da ita ba, ta zungure ta da gwiwar hannu. Sai wata 'yar siririyar murya ta amsa, da ƙyar ta kai tagar. Misis Ajayi ko kai ba ta ɗaga ba, ta kira suna na gaba, kamar kullum haka ake yi. Allah Ya saka wa matar nan. Ni kuwa na tusa fuska a mayafi, har mai gadi ya zo yana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Da aka fita tara na hango ta riƙe da bakin igiya, wasu suna tsalle. Ba ta tsalle, ba ta dariya, riƙewa kawai take yi, amma da hannu biyu, kamar an ba ta amanar gari. Ranar kwano ya dawo ba komai. Na san rabi cikin Iyabo ya tafi. Ban damu ba.

Yaya kuwa da na gaya masa wanda ya raɗa wa 'yarsa Ibi, cewa ya yi, "To ƙarya na yi? Ba matar Annabi Adamu ba ce?"

"Yaya, wata uku yarinyar nan tana ɗauke da laifin maciji."

Ya dubi inda Mama take, na ga abin ya shige shi. Can ya ce, "To ke da kika je, kin faɗa?"

Na kama gyara mayafina. Sabuwa ta fita da gudu wai miya tana ƙonewa, muna jin dariyarta har ƙarshen lungu.

Ran Juma'a bayan ta dawo daga makaranta na zaunar da Mama. Na ce, "Inna ta ce in tafi da ke Zariya ki zauna wurinta. Gobe jirgi."

Ta kama wasa da bakin zanena. "Gwaggo, ran Litinin ni ce da tsalle. Iyabo ta ce ita za ta riƙe igiya."

Na buɗe jaka na fito da kayanta.

Dawowa ba ta da labari. Ko dodo ban saya ba. Tun daga Jebba nake shirya abin da zan ce wa Inna, kuma na riga na ga ƙarshen jawabin da ake shiryawa a jirgi. Hajiya Tabawa tana ta ƙarfafa mini gwiwa da labarin wata da uwarta ta yi fushi da ita shekara bakwai.

Na sami Inna a bakin ɗakinta tana jan carbi. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba. "Ina take?"

Na durƙusa na ba ta labari tun daga farko, ban ɓoye komai ba, har da kayan da na ninke na kuma warware. Da na zo kan Misis Ajayi, ta ce, "Wato har sun yi mini ta'aziyya. To Allah Ya ba su lada, sun riga 'ya'yana." Ban san ko dariya ake yi ba, sai na ƙi yi.

"Tana cin abinci?"

"Ta fara ci."

"Ba su sa ta sallarsu ba?"

"Ba su sa ta ba. Na tsaya na gani da idona."

Ta ja carbi ta ja. "Ita wannan mai rular, 'yar gidan mutunci ce?"

"Da alama."

"To a bar ta ta yi tsallenta. In an yi hutu a kawo mini ita in gani." Na fara sauke numfashi, sai ta ce, "Sunan kuma, an rubuta shi?"

"Da hannuna, Inna."

"Karanta mini yadda kika rubuta."

Na dubi tabarma. Ta jira. Kaza ta zo ta wuce tsakaninmu.

"Na haifi mai kasuwa, na haifi mai boko," in ji ta, "duk kanku ɗaya." Ta yi 'yar dariya, amma ba ta daɗe ba. "Rabona da in ji wani ya kira ni da shi, tun ranar da aka binne yayata."

Sai ta faɗe shi da kanta, a hankali, sau biyu, tana kallon carbinta. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar ban ji ba.